Yadda Za Ka Koya Wa Ɗan Makarantar Chaina Turanci A Gida, Mataki-Mataki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk sati sai wani ya turo min ita, wasu 'yan kasuwarmu ne na Guangzhou da Yiwu da suka yi aure a nan yaransu suna makarantar gwamnati, wasu kuma ɗalibai ne da maƙwabci ko mai gidan haya ya roƙa don Allah a duba masa yaro a Turanci. Tambayar dai ɗaya ce, ta ina zan fara? Ni ma yara biyu nake fama da su a gida, 'yata tana aji 4 na firamare sai ɗan ƙanwar matata da ke aji 2 na ƙaramar sakandare, toh abin da na gwada ya yi aiki shi zan jero muku, har da inda na ɓata lokaci a banza.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu shiga. Yaron Chaina da ido yake koyon Turanci ba da kunne ba. Zai haddace kalma ya rubuta ta daidai ba kuskuren harafi ko ɗaya, amma ka tambaye shi me ya ci da safe sai ya sunkuyar da kai ya yi tsit. Su da kansu suna da sunan abin, yaba yingyu suke cewa, wato Turancin bebe. Aikinka ka buɗe kunnen da bakin, kuma kar ka saki littafin makaranta, don maki shi ne abin da iyaye da malamai ke kallo.

1. Fara duba fasfo ɗinka

Wannan shi ne farko ko da ba ka so ji ba. In ɗanka ne ko ɗan gidanku ba ka da matsala, wuce mataki na biyu. Amma in yaron wani ne kuma akwai kuɗi a ciki, toh aiki ne a idon doka, kuma bizar karatu ko ta kasuwanci ba ta ba ka damar yinsa ba. Dokar shige da fice ta Chaina ta sa tarar yuan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da aka kama yana aiki ba izini, in abin ya yi tsanani a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya sa shi a jirgi a mayar da shi gida. Ka duba shekarun da ka kashe a karatu ko jarin da ka zuba, yuan ɗari biyu na darasi bai kai nan ba.

Sannan tun watan Yuli na 2021 gwamnati ta fito da tsarin da suke kira shuangjian, na rage wa yara nauyin aikin gida da na lesin. Ta hana kamfanoni cin riba da lesin ɗin darussan makaranta na 'yan firamare da ƙaramar sakandare, ta hana yinsa a ƙarshen mako da lokacin hutu, har babban kamfanin nan New Oriental sai da ya koma tallan amfanin gona kai tsaye a intanet.

Gargaɗi: dokar ta kuma hana ɗaukar baƙon malamin da ke zaune a wata ƙasa ya koyar da yaran ta intanet. Don haka ɗan'uwa in kana Kano ko Maraɗi wani ya ce ka turo kuɗin rajista zai haɗa ka da yaran Chaina ka riƙa koyar da su kana karɓar dala, riƙe kuɗinka. In kuma taimakon maƙwabtaka kake yi, kar ka karɓi jan ambulan ɗin nan, wato kyautar kuɗin da suke turowa ta manhajar hira ta WeChat, duk yadda suka nace, in an kawo maka 'ya'yan itace ka karɓa ka yi godiya shikenan.

2. Ka san ajinsa da jarrabawar da ke gabansa

Firamare shekara 6, ƙaramar sakandare 3, babbar sakandare 3. A yawancin garuruwa aji 3 na firamare ake fara Turanci, manyan birane irin Beijing da Shanghai tun aji 1. Ƙarshen ƙaramar sakandare akwai zhongkao, ita ke raba wanda zai shiga babbar sakandare da wanda zai tafi makarantar koyon sana'a, kuma ana so yaro ya san kalma wajen 1,600 kafin nan. Sai uwa uba gaokao ta shiga jami'a da ake farawa 7 ga Yuni, Turanci yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, daidai da lissafi da Sinanci, kalmomin da ake nema kuma sun haura 3,000.

Amfanin sanin wannan shi ne ka san yadda za ka raba lokaci. Ɗan firamare kana da sarari, kaso mafi yawa ka ba wa sauraro da magana. Wanda saura masa shekara ɗaya ya yi zhongkao kuwa ba lokacin waƙa da wasa ba ne, in ka je masa da su uwarsa za ta sallame ka tun sati na biyu kuma tana da gaskiya.

3. Gwada shi na minti 15 kafin ka koyar da komai

Kar ka ce masa gwaji ne, yaran nan jarrabawa ta ishe su. Ku zauna kawai ka yi abu uku. Ka ba shi darasin da suka riga suka wuce a littafinsa ya karanta da ƙarfi kana ɗaukar muryarsa a waya. Sai ka rufe littafin ka faɗi jimla biyar daga cikin darasin da bakinka ka ga ko zai gane. Sai ka yi masa tambaya uku da ba sa cikin littafi, misali launin jakarsa, ko ƙarfe nawa ya tashi.

Kusan kullum ga abin da za ka gani: na farko zai yi ƙoƙari, na biyu rabi da rabi, na uku shiru. In ka ce how are you zai harbo maka I'm fine thank you and you kamar an danna maɓalli, don tun zamanin iyayensa haka littafi ya koyar, amma ka canza tambayar kaɗan sai ya tsaya. Ajiye wannan rikodin ɗin kar ka goge, bayan wata uku shi za ka kunna wa shi da iyayensa.

Gargaɗi: ka buɗe littafin nasa ka duba saman kalmomi. In ka ga ya rubuta ƙananan haruffan Sinanci a kai da fensir, toh furucin yake rubutawa da Sinanci, irin su san ke you a madadin thank you. Wannan shi ne ciwon da ya fi wuyar magani in ya daɗe. Ka ba shi abin gogewa ya goge su da hannunsa tun ranar farko, cikin lallashi ba faɗa ba.

4. Kayan aiki da kuɗinsu

Ba sai ka kashe da yawa ba, ni a farko na sayi tarin littattafai da har yau wasu ba a cire musu leda ba.

Na ɗaya littafin makarantarsa. Gwamnati ke ba su kyauta a firamare da ƙaramar sakandare, kai dai ka sayi kwafinka a kasuwannin intanet na Taobao ko JD, yuan goma da 'yan kai ne. Amma ka ɗauki hoton bangon nasa tukuna, don ba littafi ɗaya duk ƙasar ke amfani da shi ba, wasu na kamfanin PEP ne da suke kira renjiaoban, wasu na waiyanban, wasu biranen kuma suna da nasu daban.

Gargaɗi: daga zangon Satumba na 2024 aka fara sauya littattafan zuwa sabon bugu, aji bayan aji. In ka sayi na hannu a Xianyu, manhajar sayar da kayan hannu, don arha kana iya ƙarewa da tsohon bugu, darasi na uku naka daban na yaro daban.

Na biyu sautin littafin. Kowane littafi yana da muryar da aka naɗa, kuma akwai dandalin koyarwa na gwamnati na firamare da sakandare wanda kyauta ne, da littattafan da bidiyon darussa duk suna ciki, ka ce wa uwar yaron ta buɗe maka, duk sun san shi. Na uku littafin rubutun Turanci mai layi huɗu, yuan ɗaya ko biyu. Na huɗu ƙaramin littafi daban na tara kurakurai, su suna ce masa cuotiben. Na biyar in da hali 'yar na'urar sauraro mara intanet, ana samu daga yuan 100 zuwa 300, ta fi waya nesa ba kusa ba don yaro ba zai zame ya shiga gem ba, dama tun 2021 an hana su shiga aji da waya.

Akwai biron ƙamus irin na Youdao, wanda za ka goga a kan kalma ya karanta ta ya fassara, daga yuan ɗari uku ko huɗu har sama da dubu. Yana da amfani ga ɗan sakandare da ke karatu shi kaɗai. Ɗan firamare ni ban ba da shawara ba, lalaci yake koya masa, kalmar da zai iya haɗawa da kansa ma sai ya goga.

Ka tuna YouTube da Google da WhatsApp ba sa buɗuwa a wayoyinsu, don haka kar ka turo wa uwar yaro link ɗin can ka ce su kalla. Bilibili da Ximalaya su ne nasu, kuma akwai kayan Turanci a ciki jingim.

5. Raba masa Pinyin da Turanci, sannan ka gyara baki

Nan zan daɗe don nan ne aikin yake. Yaron Chaina tun aji 1 ya koyi haruffan boko, amma a matsayin Pinyin, wato hanyar rubuta sautin Sinanci. Shekara biyu cur yana karanta q kamar c ɗinmu ta Hausa, x kamar sh, c kamar ts. Sai a aji 3 a kawo masa haruffan nan dai a ce yanzu wani sauti gare su. Kuma abin da ke ƙara rikita shi, kalmomi irin he, she, you, can, women duk suna nan a Pinyin da wani furuci da wata ma'ana, women a wajensa ma'anarta mu. Kaga ba daƙiƙanci ba ne in ya karanta su a karkace.

Abin da na yi wa 'yata shi ne launi biyu. Duk abin da yake Pinyin da jan biro, Turanci da shuɗi, na tsawon wata guda. Sai mu ɗauki kalma ɗaya mai fuska biyu ta karanta ta da Sinanci sannan da Turanci, ita da kanta ta fara nemo su tana kawo min tana dariya. Bayan haka sai haɗa sauti, abin da suke kira ziran pindu, harafi uku-uku irin cat, pen, sit, kullum kalma goma, kar ka wuce zuwa dogayen kalmomi sai ya iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba.

Sai matsalar ƙarshen kalma. A Sinancin makaranta gaɓa da wasali take ƙarewa, ko n, ko ng. Toh in ya haɗu da book ko and ko big sai bakinsa ya ƙara wasali a ƙarshe, ka ji buka, anda, biga. Mu Hausawa mun fi kowa gane wannan, ai haka muka yi wa bucket ta zama bokiti, bread ta zama burodi. Maganinsa ka sa ya ɗora tafin hannunsa a maƙogwaro, ya faɗi kalmar, in ya zo harafin ƙarshe irin k ko t ko p ya tabbatar maƙogwaron ya daina rawa, iska kawai za ta fita. Sannan ka haɗa masa kalmar da ta gaba, kamar book is ko big apple, nan take wasalin banzan zai ɓace. Yaran Guangdong masu yaren Kantonis a gida su kuma akasin haka suke yi, haɗiye harafin ƙarshen suke, sai ka ji kamar ba a gama kalmar ba, su sai ka sa su fito da shi.

Sauran su ne v da suke mayarwa w, very ta koma wery, ka sa ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa yana kallon madubi. Da th da suke mayarwa s, think ta koma sink, harshe ya leƙo tsakanin haƙora. Da dogon wasali da gajere, ship da sheep. In yaron daga Sichuan ko Hunan ko Hubei iyayensa suka fito akwai rikicin n da l, night da light duk ɗaya yake jinsu, ka sa ya toshe hanci, in n ce sautin zai maƙale in l ce zai wuce. Sauti ɗaya a sati ya isa, kar ka tara masa duka.

Gargaɗi, kuma wannan namu ne: mu ma muna da inda harshenmu ke ja, p da f, da th ɗin nan ita ma. Yaro duk abin da ya ji a bakinka shi zai kwafa, kuma jarrabawar sauraro da muryar Bature ake yinta. Don haka sabuwar kalma muryar littafi ce za ta fara faɗa, kai ka biyo baya. Ni har yanzu kafin darasi sai na saurari kalmomin ranar na maimaita su ni kaɗai, wannan haƙƙin yaron ne a kanka.

6. Minti 20 kullum, ba awa biyu ran Asabar ba

Yaran nan a gajiye suke dawowa. Doka ta ce aikin gida kar ya wuce awa ɗaya ga 'yan aji 3 zuwa 6, awa ɗaya da rabi ga ƙaramar sakandare, amma duk mai yaro a gida ya san yadda dare ke yi musu a kan tebur. In ka ce za ka ƙara masa awa guda ka rasa shi. Ga yadda nake raba minti ashirin ɗin, kuma jerin yana da muhimmanci:

Minti 5 na farko sauraro, littafi a rufe. Darasin da za su yi gobe ko jibi a aji, ba wanda suka wuce ba. Ya ji sau biyu sai ka tambaye shi me ya kama, ko kalma biyu ce ka yaba masa.

Minti 5 na biyu bin murya. Ka kunna jimla ka tsayar ya maimaita, da irin hawa da saukar muryar. Yaran Chaina kunnensu na da kaifi a karin sauti don yarensu kamar namu ne, sauti na canza ma'ana, in ka ce ya kwaikwayi waƙar jimlar za ka sha mamaki.

Minti 5 na uku yanzu ne za a buɗe littafi ya karanta da ƙarfi.

Minti 5 na ƙarshe hira, ka ɗauki jimlar darasin ka juyo da ita kan rayuwarsa. In littafi ya ce wani yaro yana zuwa makaranta a bas, kai ka tambaye shi shi a me yake zuwa, babansa fa, kakarsa fa.

Dalilin da na ce darasin gobe shi ne in ya shiga aji ya ji malama na karanta abin da kunnensa ya riga ya sani sai ya ɗaga hannu, kuma a aji mai yara arba'in da wani abu, ranar da malama ta yaba wa yaro a gaban kowa ta fi duk wa'azin da za ka yi masa.

Gargaɗi: kuskuren da kowa ke yi shi ne buɗe littafi tun farko. Da zarar idonsa ya sauka a rubutu kunnen ya rufe, ka koma gidan jiya. Sannan in da waya ko kwamfuta kuke yi ka lura da idonsa, ka dubi yawan masu gilashi a ajinsu, iyaye ba sa wasa da wannan.

7. Kalmomi da shifta

Makaranta za ta yi masa shifta ko ka so ko ka ƙi, tingxie suke cewa, kusan kowane sati, kuma yadda suka saba shiryawa shi ne rubuta kalma sau goma ko ashirin suna kiran haruffanta ɗaya-ɗaya kamar yadda suke haddace zanen haruffan Sinanci. Yana kai su ran Juma'a, ran Litinin ta gudu.

Ka canza masa hanya. Ya ji kalmar, ya faɗe ta, ya sassara ta gaɓa-gaɓa, sannan ya rubuta sau uku kacal, sai ya sa ta a jimla tasa ta kansa. Ɗan firamare kalma biyar a rana, ɗan sakandare goma zuwa sha biyar. Tilawa kuma kamar ta allo, wadda aka koya yau a dawo mata gobe, sai bayan kwana biyu, sai bayan sati, sai bayan sati biyu. Duk wadda ya faɗi sau biyu ta shiga littafin kurakurai. Manhaja irin Baicizhan ba laifi ga ɗan sakandare, sai dai wasu yaran hoton suke haddacewa ba kalmar ba, ka riƙa gwada shi da baki ba tare da hoton ba.

8. Nahawu, inda Sinanci ke jan ƙafarsa

Kar ka koyar da nahawu daga farkon littafi zuwa ƙarshe, malamarsu ta fi ka iya bayaninsa da yarensu. Kai ka tsaya a guraren da yarensa ke shigowa, kuma ba su da yawa.

Aikatau a Sinanci ba ya canza siffa, jiya da yau da gobe duk ɗaya, sai ka ji yesterday I go. Shi da ita a bakinsu duk kalma ɗaya ce, ta suke cewa, bambancin sai a rubutu, shi ya sa zai ce my mother he ba tare da ya ji komai ba, abin da Bahaushe ba zai taɓa yi ba don mu harshenmu ya raba. Ba su da irin kalmomin Turancin nan, a da the, s ɗin jam'i ma mantawa suke. Sai jimlolin da suke ɗaukowa kai tsaye daga Sinanci, there have many people, I very like, open the light, da haɗa although da but ko because da so a jimla ɗaya.

Yadda nake yi, kowane sati kuskure ɗaya. Satin he da she na ɗauko hotunan dangi a waya ina nunawa da sauri yana faɗa, minti biyu kullum. Satin abin da ya wuce kuma kowane dare jimla uku kan abin da ya yi yau. Sauran kurakuran na wannan satin ka yi kamar ba ka ji ba.

9. Buɗe baki ba tare da ka kunyata shi ba

Wannan ya fi nahawu wuya. Yaron Chaina yana tsoron kuskure a gaban mutane sosai, kunya ce irin wadda mu ma muka sani, su zubar da fuska suke ce mata. In ka katse shi a tsakiyar jimla ka gyara, ko ka yi dariya ko da ta ƙauna ce, toh ka rufe bakin na sati guda. Na yi wannan kuskuren da ɗan ƙanwar matata, na gyara masa kalma a gaban baƙi, ya fi kwana goma ba ya amsa min sai da Sinanci, abin ya dame ni ƙwarai.

Ka bari ya gama, sai ka maimaita jimlar daidai kamar kana tabbatar da abin da ka ji, ka ci gaba da hira. In ka yi tambaya ka ba shi lokaci, ƙirga biyar a zuciyarka kafin ka taimaka. Kuma saƙon murya na WeChat babban makami ne, daƙiƙa 60 ce iyakarsa, ka ce kullum ya turo maka guda ɗaya kan abin da ya ci ko abin da ya faru a makaranta, yana ɗaki shi kaɗai ba mai kallonsa, in bai yi masa ba ya soke ya sake. Da yawansu a nan bakinsu ke fara buɗewa. Kuma ba wasa ba ne, a Guangdong har gaokao akwai ɓangaren sauraro da magana da ake yi a gaban kwamfuta da lasifika a kunne, wanda ya saba magana da na'ura ya riga ya yi gaba.

Ran hutu a ba shi katun na Turanci minti goma sha biyar, amma a kashe fassarar Sinanci ta ƙasa, in ba haka ba karatun Sinanci yake yi kawai.

10. Rubutu da shirin jarrabawa

Wannan na ɗan sakandare ne. Takardun manyan jarrabawa sikanin ɗinsu ake yi malamai su duba a kwamfuta cikin sauri, don haka kyan rubutu maki ne. Akwai salon da suke kira na Hengshui, haruffa zagaye masu tsafta ba a haɗe ba, ana sayar da littafin bin sawunsa da arha, minti biyar a rana na wata biyu ya isa. Ya saba da baƙin biro mai bakin 0.5 da fensir 2B tun yanzu don su ake shiga da su.

Insha'in gaokao kusan kullum cewa ake ka ɗauka kai ne wani ɗalibi mai suna Li Hua, ka rubuta wa abokinka na waje wasiƙa, ta gayyata ko ta shawara ko ta neman wani abu. A sabon tsarin kuma an ƙara wani inda za a ba shi rabin labari ya ƙarasa da kalma wajen 150. Na farkon ana iya shirya masa da tsari, gaisuwa, dalilin rubutu, batutuwa biyu ko uku, rufewa. Na biyun hadda ba ta aiki, sai wanda ya karanta labarai da yawa, shi ya sa tun ƙaramar sakandare nake sa gajeren labari ɗaya a sati daga irin littattafan nan masu hawa-hawa, wanda a shafi ɗaya kalmomin da bai sani ba ba su wuce uku ko huɗu ba. In sun fi haka littafin ya fi ƙarfinsa, sauko mataki ɗaya.

Gargaɗi: kar ka rubuta masa insha'i da Turancinka ya haddace, malamar ta san muryar ɗalibinta. Kuma in amsarka ta saɓa da ta littafi, misali rubutun Amurka da na Ingila irin color da colour, ka gaya masa duka biyun daidai ne amma a jarrabawa ya bi na littafinsa. Kar ka taɓa ce masa malamarku ta yi kuskure, shi ne zai zauna a ajinta gobe ba kai ba.

Duk takardar gwajin da aka dawo masa da ita ku zauna a kanta a daren, tambayoyin da ya faɗi ya kwafe su a littafin kurakurai da amsar daidai da dalili a layi ɗaya. Sati biyu kafin jarrabawar zango wannan littafin kaɗai za ku bi.

11. Iyaye da malamar aji

Tun ranar farko ka gaya wa iyayen gaskiya, ko matarka in ɗanka ne, cewa wata na farko maki ba lallai ya motsa ba don gyaran kunne da baki ake yi, su ba ka wata uku. In ba ka faɗa ba, gwajin farko da ya dawo da maki irin na da za su ce wasa kuke yi. Ka roƙe su abu biyu, su kunna sautin darasi da safe lokacin karin kumallo ko da su ba sa jin komai, kuma kar su ce yaro ya yi wa baƙi Turanci don a gani.

Kowane aji yana da guruf ɗin iyaye a WeChat inda malama ke turo aikin gida da ranar shifta, ka ce a riƙa turo maka hoton abin da ta sa duk ran Litinin don ka san darasin da za ka riga ta. In ɗanka ne kuma ka je taron iyaye, ka kira ta da sunan gidansu ka haɗa da laoshi, wato malama, ka tambaye ta abu ɗaya da take so a ƙarfafa a gida, ka rubuta a gabanta. In wata ukun ya cika sai ka sa yaron ya sake karanta darasin nan na ranar farko, ka kunna tsohon rikodin ɗin da sabon a jere, shi da iyayensa suna zaune.